Fina-finan da Suka Sake Buɗe Silimar Injamena

A watan Mayun 2010, a bikin fina-finai na birnin Cannes da ke Faransa, alƙalan gasa suka ba wani ɗan ƙasar Chadi, Mahamat-Saleh Haroun, kyautarsu ta musamman saboda fim ɗinsa mai suna Un homme qui crie. Shekara 13 ke nan rabon da wani fim daga ƙasashen Afirka na kudu da Sahara ya shiga babbar gasar wannan biki. Labari ya iso gida, aka yi ta murna, amma murnar tana tafe da abin kunya: a lokacin babu cikakken gidan silima ko ɗaya da ke aiki a Chadi. An yi fim a kan mutanen Injamena, a titunansu da tsakar gidajensu, duniya ta tafa masa, su kuwa masu labarin ba su da zauren da za su zauna su gan shi.

Akwai wani tsohon gini a tsakiyar birnin, Silimar Normandie, wadda aka gina tun zamanin Faransawa, lokacin da ake kiran garin Fort-Lamy. Yaƙin basasa da abin da ya biyo bayansa sun kashe ta tun cikin shekarun 1980. Kyaututtukan da Haroun ya riƙa ciyowa, daga ta birnin Venice a 2006 har zuwa wannan ta Cannes, su suka sa gwamnati ta ga bai dace a bar ta kango ba. Aka gyara ta, aka sake buɗe ta a watan Janairun 2011, aka kuma danƙa riƙonta a hannun Issa Serge Coelo, wanda shi ma darakta ne, mai fim ɗin Daresalam na shekarar 2000. Abin da muka saba gani shi ne silima ta fara samuwa, fina-finai su zo su cika ta. A Injamena fina-finan ne suka riga, su suka jawo aka cire kwaɗon ƙofa. Kuma ba fina-finan kasuwa ba ne masu rawa da harbe-harbe, irin waɗanda masu silima suka fi ƙi ne, suna cewa ba su kawo kuɗi.

Irin fina-finan da nake nufi ba wani babban kamfani ke ba da kwangilarsu ba. Mutum ɗaya ne yake ɗauke da labari a ransa shekara da shekaru, ya bi nan ya bi can ya harhaɗa kuɗi, ya ɗauki fim ɗin yadda zuciyarsa ta nuna masa, ba tare da wani mai jari ya tsaya a kansa yana cewa a sa waƙa a nan, a ƙara faɗa a can, a nemo jarumar da ke tashe ba. Sau da yawa 'yan wasan ba sanannu ba ne, wasu ma ba su taɓa tsayawa gaban kyamara ba. Magana kaɗan ce. Kyamara kan tsaya a kan fuskar mutum har sai mai kallo ya fara karanta abin da ke cikinsa. Ƙarshen labari kuma ba dole ne a ɗaura aure ko a kama mugu ba. Wani lokaci a bar ka da tambayar ka tafi da ita gida.

Bayani a baki ba ya kai wa, gara in ba da labarin ɗaya daga cikinsu.

Daratt, wanda ya fito a 2006, ya fara ne da sanarwa a rediyo cewa an yi afuwa ga duk waɗanda suka aikata ta'asa lokacin yaƙi. Wani tsoho makaho ya ji wannan sanarwa, ya ɗauko bindiga ya miƙa wa jikansa Atim, yaro ɗan shekara 16, ya ce ya je birni ya nemo wanda ya kashe ubansa tun kafin a haife shi. Atim ya iso Injamena, ya gano mutumin. Sunansa Nassara, yanzu mai gidan burodi ne, yana zuwa masallaci, kullum da safe yana raba wa yara marasa galihu burodi a ƙofar gidansa. Yaƙi ya bar masa rauni a maƙogwaro, ba ya iya magana sai ya kanga wata 'yar na'ura a wuyansa. Bai san ko wane ne yaron ba, ya ɗauke shi aiki, ya shiga koya masa kwaɓin fulawa da sarrafa tanda. Da fim ɗin kasuwa ne, da minti 20 sun isa a yi ta ta ƙare. Haroun kuwa sai ya bar mu muna kallon mutum biyu suna aiki kafaɗa da kafaɗa, gumi na zuba, bindiga na ɓoye a jikin yaron, mu mun sani, Nassara bai sani ba. Sannu a hankali mutumin da ya mai da shi maraya ya fara son ya riƙe shi a matsayin ɗa. A ƙarshe Atim ya kai shi gaban kakansa a cikin daji. Tsohon ya ba da umarnin a harbe. Yaron ya ɗaga bindiga ya harba sama. Makaho ya ji ƙara, zuciyarsa ta yi sanyi, Nassara kuma yana kwance a ƙasa da ransa.

Na fara ganin wannan fim ni kaɗai a kwamfuta, na ce ya yi kyau, na wuce. Daga baya na sake ganinsa a wani zauren al'adu a Yamai, cikin jama'a, a kan babban allo, nan na san ban gan shi ba a karon farko. Duk lokacin da Nassara ya juya wa yaron baya sai ka ji zauren ya ɗauke numfashi. Wata mata a bayana tana ta cewa "kar ka yi, ɗan nan, kar ka yi" a hankali, kamar yaron yana jin ta. Da aka kunna fitilu wani dattijo da ke kusa da ni bai tashi ba. Na ce, "Baba, an tashi." Ya ce, "Ɗana, bar ni tukuna. Wannan yaro ya yi wa kakansa ƙarya, kuma ban ga laifinsa ba. Shi ne abin da ke damuna." Muka fito muka tarar da mutane sun yi cirko-cirko a bakin ƙofa, wasu na cewa yaron ya ci amanar jinin ubansa, wasu na cewa shi kaɗai ne mai hankali a cikin labarin. Babu wanda ya yi gaggawar neman abin hawa.

Wannan muhawara ta bakin ƙofa ita ce abin da waya ba ta iya bayarwa. Fim mai tafiyar hawainiya yana buƙatar duhu, da allo mai faɗi wanda motsin ido zai fito a kansa, da kuma rashin damar danna gaba. A waya, da shiru ya yi tsawo sai yatsa ya matsa. A silima dole ka zauna cikin shirun tare da mutum ɗari, kuma a nan ne ma'anar take fitowa. Ga ƙasar da ta sha yaƙi kamar Chadi, inda wanda ya yi kisa da wanda aka kashe wa suke haɗuwa a kasuwa ɗaya, zama a kalli Daratt tare ba nishaɗi kawai ba ne. Mu ma da muke da Borno da Zamfara da Diffa, da maganar tubabbu da ta afuwa a bakinmu kullum, ba baƙon labari ba ne a wurinmu.

Un homme qui crie ma haka yake, sai dai ya fi ɗaci. Adam tsohon zakaran ninƙaya ne, yana kula da wurin wanka na wani babban otal a Injamena, aikin da ya zama shi ne mutuncinsa. Sababbin masu otal suka ba ɗansa Abdel aikin, shi kuma aka mai da shi mai buɗe ƙofar mota. A lokaci guda 'yan tawaye na matsowa, mai unguwa na matsa masa ya ba da gudummawar yaƙi, ko kuɗi ko ɗa. Kuɗi babu. Abin da ya biyo baya kowane uba zai iya hasashensa, kuma zai so a ce bai iya ba. Youssouf Djaoro, wanda ya fito a Nassara, shi ne ya fito a Adam, kuma yawancin wasansa da kafaɗu da idanu ya yi shi.

Haroun ya daɗe yana kukan mutuwar silima tun kafin kowa ya saurare shi. An haife shi a Abeshe a 1961, yaƙi ya kore shi daga ƙasarsa yana saurayi, ya zauna a Faransa. Dogon fim ɗinsa na farko, Bye Bye Africa na 1999, a kan wannan ciwo aka gina shi: darakta ya dawo gida bayan rasuwar mahaifiyarsa, yana zagaya Injamena da kyamara yana ɗaukar kangayen silimomin da ya sani yana yaro, yana tambayar kansa amfanin yin fim ɗin da mutanenka ba za su gani ba. A Abouna na 2002 kuma, yara biyu 'yan'uwa da ubansu ya tafi ya bar su sun shiga silima, suka ga kamar shi ne a kan allo, suka koma suka saci faifan fim ɗin suna warware shi suna neman hotonsa. Wanda ya rubuta wannan ya san abin da gidan silima yake nufi ga yaro.

Yaƙi ba shi kaɗai ya kashe silimomin yankinmu ba, don ƙasashen da ba su yi yaƙi ba ma nasu sun mutu. Tun zamanin mulkin mallaka kamfanonin Faransa biyu, COMACICO da SECMA, su ke riƙe da shigo da fina-finai da yawancin gidajen haskawa a ƙasashe renon Faransa. Tsofaffin fina-finan Amurka da Faransa da Indiya suke kawowa a farashi mai sauƙi, fim ɗin ɗan ƙasa kuwa ba shi da gurbi. Wannan ne ya sa ƙasar da ake kira Burkina Faso a yau ta karɓe silimominta a 1970, shekara ɗaya bayan an fara bikin fina-finai na FESPACO a Wagadugu. Daga baya kaset ɗin bidiyo ya zo, gidajen kallo na unguwa suka yawaita, kuɗin shigarsu bai kai na silima ba. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kuɗin hayar fim da na kayan gyaran na'ura suka ninka dare ɗaya. Masu gine-gine suka ga ya fi musu riba su sayar, ko su mai da su shaguna da ɗakunan ajiya da wuraren ibada. A Najeriya faɗuwar naira bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ta yi irin wannan aikin.

Mu a Kano tarihinmu da silima ya daɗe, kuma bai taɓa rabuwa da zargi ba. An buɗe Rex a 1937. A 1951 gobara ta tashi a silimar El Duniya, mutum 331 suka rasu, mutane da yawa suka ɗauki abin a matsayin ishara. Duk da haka Plaza da Orion da Eldorado da Marhaba sun cika sun batse shekaru da dama, galibi da fina-finan Indiya da na Chana, a fili ba rufi, sai rana ta faɗi a fara. Wurin maza ne. Macen da ta shiga ta san abin da za a ce da ita. Ni ma a irin waɗannan benci na koyi kallo, kuma ba na raina abin da na gani a can. Amma ban taɓa ganin fim ɗin wani ɗan Nijar ko ɗan Chadi ko ɗan Mali a cikinsu ba, alhali motocin kaya kullum suna hanyar Damagaram da Injamena.

Ga shi kuwa maƙwabtanmu suna cikin waɗanda suka fara wannan sana'a a Afirka. Moustapha Alassane na Nijar ya yi Aouré a 1962, ya yi Le Retour d'un aventurier a 1966, labarin saurayin da ya dawo daga tafiya da kayan kaboyi ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka addabi ƙauyensu. Shi ne kuma ya yi fina-finan zane masu motsi da kwaɗi a matsayin shugabannin ƙasa. Ya ƙare rayuwarsa yana zaune a Tawa, ya rasu a 2015. Oumarou Ganda, wanda aka kai yaƙin Indochina yana matashi, ya zuba abin da ya gani a Cabascabo, aka haska shi a Cannes a 1969. Da FESPACO ta fara ba da babbar kyautarta ta Dokin Yennenga a 1972, fim ɗinsa Le Wazzou polygame ne ya fara ɗauka. Akwai babbar cibiyar al'adu mai sunansa a Yamai. Ina so mai karatu ya tambayi kansa ko ya taɓa ganin fim ɗin mutumin ko da sau ɗaya.

Namu na gida ma bai tsira ba. A 1976 Adamu Halilu ya mai da littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, Shaihu Umar, fim da harshen Hausa, Umaru Ladan ya fito a Shaihun. Sai fim ɗin ya ɓace, har aka fara ɗauka ya salwanta. A 2016 aka gano faya-fayansa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka haska shi a bikin Berlin a 2018. Na ji daɗin wannan labari ƙwarai, kuma ya sosa min rai. Littafi ne da ɗaliban Hausa suka karanta a makaranta, wanda firaministan farko na ƙasar ya rubuta. Kamata ya yi a ce ya yi makonni yana cika zaure a Kano da Bauchi da Zariya, malamai na kawo ɗalibai aji-aji.

Kada a ɗauka tsofaffin abubuwa kawai nake nufi. Aïcha Macky, 'yar Damagaram, ta yi fim ɗin gaskiya a 2016, L'arbre sans fruit, a kan matar da ba ta samu haihuwa ba da irin kallon da ake mata, kuma da rayuwarta ta fara. A 2021 ta fitar da Zinder, inda ta shiga unguwar Kara-Kara, wadda asalinta matsugunin kutare ne da waɗanda gari ya ƙi, ta zauna da samarin da ke cikin ƙungiyoyin da ake kira fale, masu ɗaga ƙarfe da fasa-ƙwaurin man fetur. Da Hausa suke magana, Hausar da ɗan Kurna ko ɗan Tudun Wada zai ji ba tare da tafinta ba, kuma zai gane samarin, don akwai irinsu a bayan gidansu. Akwai Zin'naariyâ! na Rahmatou Keïta na 2016. Akwai The Milkmaid na Desmond Ovbiagele na 2020, wanda yawancinsa da Hausa ne, a kan 'yan'uwa mata biyu da 'yan tada ƙayar baya suka raba da gida. Maryam Booth ta ci kyautar fina-finan Afirka ta AMAA da shi, Najeriya kuma ta tura shi gasar Oscar. Fina-finan da za a haska dai ba su yi ƙaranci ba.

To me ya hana? A nan dole a yi wa mai silima adalci. Kuɗin tikiti ba nasa ba ne shi kaɗai, raba shi ake yi da mai rarraba fim, a wurare da yawa kusan rabi da rabi. Daga nasa kason zai biya haya da ma'aikata da man janareta da na'urar sanyaya ɗaki, ko mutum biyar ne a zaure ko ɗari biyu. Shi ya sa kwana ukun farko, Juma'a zuwa Lahadi, su ke yanke wa fim hukunci: in bai ja jama'a ba a sauke shi a ɗora wani. Babban fim yana zuwa da tallarsa, an riga an san jarumansa. Fim irin na Haroun kuwa ba shi da kuɗin talla, bakin waɗanda suka gani shi ne tallarsa, kuma baki yana buƙatar mako biyu ko uku kafin ya zagaya gari. Kafin nan an sauke shi. Ga kuma wata matsalar: yawancin waɗannan fina-finai da tallafin Turai ake yin su, daga asusu irin na hukumar fina-finan Faransa, ko Hubert Bals na Rotterdam, ko na bikin Berlin, don haka haƙƙin haskawa kan kasance a hannun wani kamfani a Paris. Mai silima a Kano ko Maraɗi bai san wanda zai rubuta wa ba, shi kuma kamfanin bai sa garuruwanmu cikin lissafinsa ba.

Faransawa sun gane tun da daɗewa cewa kasuwa kaɗai ba za ta riƙe irin wannan fim ba. Tun 1955 masu ƙananan silimomi da masu sharhin fina-finai suka kafa ƙungiya don kare shi. Yau akwai harajin kusan kashi 11 cikin 100 a kan kowane tikiti da aka sayar a ƙasar, ko da na fim ɗin Amurka ne, kuɗin na shiga asusun hukumar fina-finai, daga ciki ake tallafa wa silimomin da suka ware wani kaso na lokacinsu ga fina-finan da ba na kasuwa ba. Sama da gidaje 1,000 ne ke cikin wannan rukuni, da yawansu a ƙananan garuruwa. Wato babban fim ne ke ɗaukar nauyin ƙaramin. Ban ce mu kwafo tsarinsu yadda yake ba, aljihunmu ba ɗaya ba ne. Amma ya nuna cewa inda ka ga irin wannan fim yana rayuwa, wani ne ya zauna ya shirya masa wuri da gangan.

Abin da ya fi burge ni a labarin Normandie shi ne wanda aka ba riƙonta. Gyaran gini kowace gwamnati na iya yi, a yanka kyalle a watse. Amma silima tana rayuwa ne da mai zaɓen abin da za a haska, mutumin da ya san fina-finai kuma ya san garinsa, wanda zai ce ranar Asabar a sa abin da zai cika kujeru, ranar Laraba kuma a sa fim ɗin Mali ko na Iran, a gayyato malamin jami'a ko daraktan kansa a yi hira bayan an gama. Irin wannan mutum kamar mai shayin unguwa ne da ya san wanda ke son siga da wanda ba ya so, har wata rana ya ce ɗanɗana wannan, ka kuwa karɓa saboda ka yarda da hannunsa. Yarda ce ke sa mutum ya sayi tikitin fim ɗin da bai taɓa jin sunansa ba, kuma ba a gina ta a wata ɗaya. Sababbin silimomi sun dawo yankinmu: an buɗe wasu a cikin manyan kantuna a Kano da Abuja, a Yamai ma an buɗe zauren Canal Olympia mai kujeru 300 a 2017. Allo da kujeru sun samu. Mai zaɓen ne har yanzu muke nema.

Akwai ƙorafin da nake ji daga abokaina 'yan Kannywood, kuma ba na watsar da shi. Suna cewa waɗannan fina-finai don Turawa ake yin su: yaƙi, talauci, fari, duk abin da alƙalan bukukuwan Turai ke son gani game da Afirka. Su kuwa, tun daga Turmin Danya a 1990, da kuɗin 'yan kallonsu suka tsaya da ƙafarsu, ba su roƙi kowa ba. Akwai gaskiya a ciki. Na ga fina-finan da ka san daraktan yana waiwayen Paris a kowane fage. Amma ina ganin hana su zaure a gida shi ke ƙara cutar. Daraktan da ya san za a haska fim ɗinsa a unguwar da ya ɗauke shi, gaban mutanen da za su ce masa "ba haka muke gaisawa ba" ko "wace uwa ce za ta faɗi wannan", dole ya yi hattara. Ousmane Sembène na Senegal ya gane haka, shi ya sa ya koma yin fim da Wolof tun daga Mandabi a 1968, yana kuma bin garuruwa da fina-finansa yana sauraron abin da jama'a za su ce. Kannywood ma za ta ƙaru. Matashin da ke koyon ɗaukar hoto a Zoo Road ta Kano, in ya ga yadda Haroun ke ba da labari da haske da shiru, ba zai koma ya riƙe kyamara yadda ya saba ba.

Sai maganar harshe. Fina-finan Haroun da Larabcin Chadi da Faransanci ake magana a cikinsu, rubutun fassara na ƙasan allo kuma da Faransanci ko Ingilishi yake zuwa, wanda ya bar yawancin mutanenmu a waje. Amma wannan matsala mu ne muka fi kowa sanin maganinta. Ɗakunan fassara na Kano irin su Algaita sun shekara suna ɗora muryar Hausa a kan fina-finan Indiya, har yara na haddace kalamansu. Gwanintar tana nan. Abin da ake buƙata shi ne a yi ta da izinin masu fim, kuma a yi ta da natsuwa, kada a cika shirun da darakta ya bari da surutu, don a Daratt shirun shi ne rabin labarin.

Ba lallai sai an jira ginin bulo da na'urar sanyi ba. Ƙungiyar Cinéma Numérique Ambulant, wadda aka kafa a 2001, tana yawo da mota da janareta da farin allo a ƙauyukan Nijar da Mali da Benin da wasu ƙasashe, tana haska fina-finan Afirka a dandali, ana tattaunawa a tsakani. Dattawanmu da suka ga majigi a ƙofar fada, zamanin fim ɗin Baban Larai, sun san wannan tsari sarai. Bambancin shi ne wancan gwamnati ce ke koyar da noman auduga, wannan kuwa labaran mutane ne. A dandali mata da yara da tsofaffi duk suna zuwa, abin da tsofaffin silimomin Kano ba su taɓa samu ba. A birni kuma akwai zaurukan jami'o'i da na cibiyoyin al'adu da ke zaune a rufe yawancin dararen mako. Haskawa da la'asar, da wurin zaman iyali, da tikitin ɗalibai mai rahusa, za su kawar da yawancin abin da iyaye ke tsoro.

Tsofaffin fina-finan ma samunsu ya fi sauƙi yanzu. A 2017 gidauniyar Martin Scorsese ta haɗa hannu da UNESCO da ƙungiyar masu shirya fina-finai ta Afirka, FEPACI, da ma'ajiyar fina-finai ta Bologna, don a nemo a gyara fina-finan Afirka 50, da niyyar a dawo da su gaban 'yan Afirka. Shaihu Umar yana nan a gyare. Aïcha Macky da Rahmatou Keïta da Haroun suna raye, suna aiki, ana iya rubuta musu. Da ni ke riƙe da dare ɗaya a mako a wata silima a Kano, da Zinder zan fara, don ba ya buƙatar fassara, in gayyaci samarin unguwa da malaman Islamiyya da 'yan sintiri su zauna a zaure ɗaya. Mako na biyu Shaihu Umar, da ɗaliban sakandare. Daratt sai a mako na huɗu ko na biyar, bayan an gama ɗora masa Hausa kuma mutane sun fara tambayar abin da za a sa Laraba mai zuwa.